Yadda Ake Gano Yawan Haidironiyam Daga pH: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na ɗaliban kimiyyar sinadarai ne, musamman 'yan babbar sakandare masu shirin WAEC, NECO da JAMB, da waɗanda suka shiga shekarar farko a jami'a ko makarantar koyon aikin jinya. Lissafin da za mu yi magana a kansa layi ɗaya ne tak. Amma ɗalibai da yawa suna haddace layin ba tare da sun ga abin da ke cikinsa ba, sai su rubuta amsar da ta kauce ninki goma ko ɗari, kuma ba su ji a jikinsu cewa wani abu ya lalace ba. Abin da nake so mai karatu ya tafi da shi ke nan: ya iya kallon pH ya faɗi inda amsar za ta faɗa tun kafin ya taɓa kalkuleta.

Mene ne haidironiyam tukuna, kuma me ya haɗa shi da pH?

Idan aka zuba asid a ruwa, asid ɗin yana sakin furoton, wato ƙwayar haidurojin da ta rabu da elektiron ɗinta. Furoton ba ya iya zama shi kaɗai a cikin ruwa. Yana fitowa sai ya manne wa ƙwayar ruwa da ke kusa da shi, H₂O ta koma H₃O⁺. Wannan H₃O⁺ ɗin shi ne haidironiyam. Gwargwadon yawansa a cikin ruwa, gwargwadon ƙarfin tsamin ruwan.

Ana auna yawansa da mol, wato ma'aunin yawan ƙwayoyi a kimiyyar sinadarai, a cikin kowace lita, ana rubuta shi da baka mai kusurwa: [H₃O⁺]. Matsalar ita ce lambobin ƙanana ne ƙwarai. A ruwan lemon tsami yawan yakan kai wajen 0.005, a tsarkakakken ruwa 0.0000001, a ruwan sabulu kuwa sifilai sun fi haka yawa. Ba wanda zai so ya riƙa rubuta irin waɗannan kullum. Shi ya sa aka taƙaita su da pH:

pH = −log[H₃O⁺]

Log ɗin nan mai tushe 10 ne. Ashe pH taƙaitaccen rubutu ne na yawan haidironiyam, aikinmu a nan kuwa shi ne mu warware taƙaitawar mu koma ga ainihin adadin.

To, yaya ake komawa daga pH zuwa yawan haidironiyam?

[H₃O⁺] = 10^(−pH), amsar kuma a mol cikin lita.

Ka ɗauki pH ɗin, ka sa masa alamar ragi, ka ɗora shi a saman 10. Idan pH 3 ne, amsar 10⁻³, wato 0.001 mol a lita. Idan 6 ne, 10⁻⁶. Idan 11 ne, 10⁻¹¹. Muddin pH cikakkiyar lamba ce, ba ka buƙatar komai sai biro.

Idan pH ɗin yana da ɗigo fa, kamar 4.25?

Nan ne kalkuleta take shigowa, kuma nan ne ake yawan yin tuntuɓe. A kalkuletar kimiyya irin Casio da ɗalibai suka fi riƙewa, akwai ƙaramin rubutu 10ˣ a saman maɓallin log. Ka danna SHIFT, ka danna log, sannan ka danna maɓallin ragi na gaban lamba, wanda aka zana (−) a kansa, ka rubuta 4.25, ka danna daidai. Allon zai nuna 5.623413252 × 10⁻⁵. Wasu kalkuletocin da na waya suna rubuta shi 5.62E−5, duk abu ɗaya ne. Amsar da za ka rubuta ita ce 5.6 × 10⁻⁵ mol a lita.

Akwai maɓallai biyu da suke jefa mutane cikin ɓata. Na farko shi ne eˣ, wanda yake zaune a saman ln, kusa da log. Wanda ya danna shi zai samu 0.0143, amsar da ta ninka ta gaskiya fiye da sau ɗari biyu. Na biyu shi ne EXP, ko ×10ˣ da ke ƙasan kalkuleta. Wannan maɓalli ya riga ya ƙunshi "sau goma" a cikinsa. Idan ka rubuta 10 sannan ka danna shi ka sa −4, kalkuleta za ta fahimci 10 × 10⁻⁴, ta ba ka 10⁻³. Ga kuskuren ninki goma ba tare da ka sani ba. An yi shi ne don shigar da lambobi irin 2.5 × 10⁻⁴, ba don wannan aikin ba.

Mai aiki da kwamfuta kuwa, a Excel zai rubuta =10^-4.25 ya samu amsar nan take.

Zan iya yi ba tare da kalkuleta ba?

Ƙwarai kuwa, kuma ina ganin duk ɗalibi ya kamata ya iya wannan hanya ko da yana da kalkuleta a aljihu, domin ita ce take nuna masa abin da ke faruwa a ciki.

Dabarar ita ce ka raba −4.25 gida biyu: cikakkiyar lamba mai ragi, da ɓangaren ɗigo marar ragi. Ka haura zuwa cikakkiyar lambar da ke gaba da 4.25, wato 5. Sai ka ga −4.25 daidai yake da −5 + 0.75. Saboda haka:

10^(−4.25) = 10^(0.75) × 10⁻⁵

Ka buɗe teburin lissafi mai lamba huɗu, shafin antilog, wato juyin log, ka nemi 0.75, za ka tarar da 5623. Ka sa ɗigo bayan lambar farko: 5.623. Amsa: 5.6 × 10⁻⁵.

Kuskuren da ya fi kowane yawa a nan shi ne ɗalibi ya ga 4.25, ya nemi antilog na 0.25 kai tsaye, ya samu 1.778, ya rubuta 1.78 × 10⁻⁴. Ya manta cewa alamar ragin ta shafi lambar gaba ɗaya, har da 0.25 ɗin, teburin kuwa ba ya karɓar ɓangaren ɗigo mai ragi.

Ko teburin babu, akwai 'yan lambobi da suka cancanci a haddace su. Antilog na 0.3 kusan 2 ne, na 0.48 kusan 3, na 0.6 kusan 4, na 0.7 kusan 5, na 0.9 kusan 8. Da waɗannan kaɗai za ka yi aiki mai yawa. A ce an auna ruwan lemon tsami an samu pH 2.30. Haura zuwa 3, saura 0.70, antilog ɗinsa 5, amsa 5.0 × 10⁻³. A ce an ba ka 3.40. Haura zuwa 4, saura 0.60, amsa 4.0 × 10⁻⁴. A tambayoyin zaɓi na JAMB, inda lokaci yake gudu, wannan ya isa ka ware amsar da ta dace daga sauran ukun.

Ta yaya zan gane amsata ta yi daidai kafin in miƙa takarda?

Ka kewaye ta. pH 4.25 yana tsakanin 4 da 5, don haka dole amsar ta faɗa tsakanin 10⁻⁴ da 10⁻⁵, wato tsakanin 0.0001 da 0.00001. Amsar 5.6 × 10⁻⁵ ita ce 0.000056, ta shiga. Ita kuwa 1.78 × 10⁻⁴ ita ce 0.000178, ta fi 0.0001, ta fita daga shinge. Ba sai malami ya gaya maka ba.

Akwai wata alama mai sauƙi. Idan pH yana da ɗigo, kuma ka rubuta amsar a tsarin lamba ɗaya kafin ɗigo, to lambar da ke saman 10 za ta zama cikakkiyar lambar da ke gaba da pH ɗin. pH 4 da wani abu zai ba da 10⁻⁵. pH 8 da wani abu zai ba da 10⁻⁹. Gwada da 8.35: amsar 4.5 × 10⁻⁹.

In kana da sauran lokaci, ka juya lissafin. Ka ɗauki log na amsarka, ka sauya alama, ka ga ko pH ɗin da aka ba ka zai dawo.

Lambobi nawa zan rubuta a amsar? Kalkuleta ta ba ni guda goma.

Ka ƙirga lambobin da ke bayan ɗigo a pH ɗin. Adadinsu shi ne adadin lambobin da za ka bari a amsarka. pH 4.25 yana da biyu bayan ɗigo, amsa 5.6 × 10⁻⁵. Da an rubuta 4.250, sai ka ba da 5.62 × 10⁻⁵. Da 4.3 aka ce kawai, lamba ɗaya ce ta halatta: 5 × 10⁻⁵.

Dalilin shi ne lambar da ke kafin ɗigo, wato 4 ɗin, ba ta faɗin komai game da daidaiton awo. Aikinta kawai ta nuna yawan sifilai. Duk abin da na'ura ta auno na gaskiya yana bayan ɗigo. Wanda ya kwafe lambobi goma daga allo yana da'awar daidaiton da na'urar ba ta ba shi ba.

Daga pH 3 zuwa pH 4 taki ɗaya ne kawai. Me ya sa ake cewa bambancin babba ne?

Saboda takin nan ɗaya ninki goma ne. Ruwa mai pH 3 yana da haidironiyam 0.001, mai pH 4 yana da 0.0001. Taki biyu ninki ɗari ne, uku ninki dubu. Kamar sifilai ne a jikin kuɗi: tsakanin naira dubu da naira dubu goma sifili ɗaya ne a rubuce, amma wanda zai biya ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan tambaya ita ce zuciyar darasin, don haka bari mu daɗe a kanta.

Jinin lafiyayyen mutum yana tsakanin pH 7.35 da 7.45. Wanda bai warware lambobin ba zai ga kamar jiki yana tsananta wa kansa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Mu warware. A 7.40, yawan haidironiyam 4.0 × 10⁻⁸ ne, wanda likitoci suke faɗa da nanomol 40 a lita (nanomol kashi ɗaya ne cikin biliyan na mol). A 7.35 ya zama kusan 45, a 7.45 kusan 35. Idan mai ciwon suga ya shiga mawuyacin hali jininsa ya sauka zuwa 7.10, lambar ta motsa da 0.3 kacal, amma haidironiyam ya tashi daga 40 zuwa kusan 80. Ya ninka biyu. Ma'aikaciyar jinyar da ta san cewa kowane 0.3 ninki biyu ne, ba za ta kalli 7.10 a takardar gwaji ta ce ai kusa yake da 7.40 ba.

Haka batun teku. Kafin zamanin masana'antu, pH na saman ruwan teku wajen 8.2 ne, yanzu ya koma wajen 8.1, saboda iskar kabon dayokside da ruwan yake shanyewa daga sararin sama. Saukar 0.1 tana nufin a ninka da 10^(0.1), wato 1.26. Haidironiyam ya ƙaru da kusan kashi 26 cikin ɗari. Ruwan tekun bai zama asid ba, yana nan a ɓangaren alkali, wato kishiyar asid, amma halittu masu gina ɓawo, irin su kawa da murjani, suna jin wannan sauyin.

Manomi ma abin ya shafe shi. Takin zamani mai amoniya, da yuriya, idan aka daɗe ana zuba su, suna sa ƙasa ta yi tsami a hankali. Gonar da pH ɗinta ya sauka daga 6.5 zuwa 5.5 ta ninka haidironiyam sau goma, kuma ƙasa da 5.5 ne sinadarin alminiyam yake fara narkewa yana cutar da saiwar shuka. Masu sarrafa abincin gwangwani kuma suna da iyakar da ba sa wasa da ita, pH 4.6, wato 2.5 × 10⁻⁵, domin ƙasa da ita ƙwayar cutar da ke haifar da gubar botulizim ba ta iya yaɗuwa.

In kana son kwatanta ruwa biyu, ba sai ka lissafa kowanne ba. Ka ɗebe ƙaramin pH daga babba, ka ɗora bambancin a saman 10. Tsakanin 2.30 da 5.60, wato lemon tsami da ruwan sama na yau da kullum, bambancin 3.30 ne, ninki kusan 2,000 ke nan.

Idan pH ya haura 7, ai alkali ne. Akwai sauran haidironiyam a ciki?

Akwai, kuma lissafin bai canza ba. Ruwa da kansa kullum yana rabewa kaɗan: ƙwaya ɗaya ta miƙa wa 'yar'uwarta furoton, a samu H₃O⁺ da OH⁻, wato ƙwayar ruwan da ta rasa furoton ɗin. A zafin digiri 25 na Salshiyas, idan aka ninka yawan biyun, sakamakon kullum 1.0 × 10⁻¹⁴ ne. Ɗaya ya hau, ɗayan ya sauka, amma babu wanda yake ƙarewa.

A ce an jiƙa kanwa, aka auna ruwan aka samu pH 10.20. Haura zuwa 11, saura 0.80, amsa 6.3 × 10⁻¹¹ mol a lita. Ƙanƙani ne sosai, amma idan ka ninka shi da lambar Abogadiro, wato yawan ƙwayoyin da ke cikin mol ɗaya, 6.02 × 10²³, za ka ga lita ɗaya tana ɗauke da ƙwayoyin haidironiyam wajen tiriliyan 38.

In tambayar ta nemi yawan OH⁻, hanya biyu ce. Ko ka raba 1.0 × 10⁻¹⁴ da 6.3 × 10⁻¹¹, ko ka ɗebe 10.20 daga 14 ka samu pOH, wato takwaran pH na ɓangaren OH⁻, 3.80, ka ɗora shi a saman 10 da ragi. Duka biyun za su kai ka 1.6 × 10⁻⁴. Ka karanta tambayar da kyau, domin masu shirya jarrabawa sukan sa amsar OH⁻ a cikin zaɓi alhali H₃O⁺ suka nema.

pH 7 kullum shi ne tsaka-tsaki?

A digiri 25 ne kawai. Tsaka-tsaki yana nufin H₃O⁺ da OH⁻ sun yi daidai da juna, rabewar ruwa kuwa tana ƙaruwa da zafi. A zafin jikin mutum, digiri 37, tsaka-tsaki yana wajen 6.8. A tafasasshen ruwa, digiri 100, yana wajen 6.1. Ruwan bai zama asid ba, domin OH⁻ ma ya ƙaru daidai gwargwado.

Ka lura da wannan: ƙa'idar 10^(−pH) tana aiki a kowane zafi. Abin da ke canzawa shi ne 14 ɗin. A jarrabawa, in ba a ambaci zafi ba, digiri 25 ake nufi.

Idan na samu yawan haidironiyam, na samu yawan asid ɗin da aka zuba ke nan?

Ya danganta da irin asid ɗin, kuma wannan wuri ne da nake so a yi hattara.

Asid mai ƙarfi, irin su haidirokulorik da naitirik, yana sakin furoton ɗinsa gaba ɗaya. Idan ruwan HCl, wato haidirokulorik, yana da pH 2.00, haidironiyam 0.010 ne, asid ɗin da aka zuba ma 0.010 ne.

Asid mai rauni kuwa yana riƙe yawancin furoton ɗinsa. Ka ɗauki asid ɗin asetik, wanda ke cikin ruwan khal. Idan aka haɗa shi a 0.10 mol cikin lita, pH ɗinsa wajen 2.87 ne. Warware shi: 1.3 × 10⁻³. Ke nan a cikin kowace ƙwaya ɗari ta asid, ɗaya da 'yan kai ce kawai ta saki furoton. Wanda ya ce yawan asid ɗin 0.0013 ne ya rage shi kusan sau saba'in da biyar. Sauran asid ɗin yana nan a ɓoye, kuma da za ka fara zuba alkali, zai riƙa fitowa kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Shi ya sa ruwa biyu masu pH ɗaya za su iya buƙatar alkali mabambanci ƙwarai kafin tsaminsu ya mutu. pH yana faɗin abin da ya fito fili ne a wannan lokacin. Mai son jimillar asid sai ya yi awon ɗigawa da buret, ko ya yi amfani da lambar da ake kira Ka, mai nuna ƙarfin asid ɗin.

Asid ɗin salfurik, wanda ke cikin batirin mota, yana da furoton biyu. A tambayoyin sakandare akan ɗauka duka biyun sun fita, saboda haka ana raba yawan haidironiyam da biyu a samu yawan asid.

Na haɗa ruwa mai pH 3 da mai pH 5 daidai wa daida. Sakamakon pH 4 ne?

A'a. Ba a haɗa pH a raba biyu, domin log ne. Sai an koma ga ainihin yawan. A ce duka biyun asid mai ƙarfi ne: 0.001 a tara da 0.00001 ya ba da 0.00101, a raba biyu tunda ruwan ya ninka, a samu 5.05 × 10⁻⁴. pH ɗin wannan 3.30 ne. Mai pH 5 ɗin bai ƙara kusan komai ba, sirka ɗan'uwansa kawai ya yi.

Irin wannan kuskure yana shiga har cikin rahotannin bincike na ɗalibai, inda ake auna rijiyoyi ko fadamu da yawa a tara pH ɗinsu a raba. In bambancin da ke tsakaninsu babba ne, kuma abin da ake nema matsakaicin tsami ne, to a warware kowanne, a nemi matsakaicin yawan, sannan a mayar da shi pH.

H⁺ zan rubuta ko H₃O⁺?

A lissafi duk ɗaya ne, lambar ba ta canzawa. Ka bi abin da tambayar ta yi amfani da shi. H⁺ gajeren rubutu ne, H₃O⁺ ya fi kusa da abin da ke cikin ruwa, musamman tun bayan da Buronsted na Denmak da Lawri na Ingila suka bayyana asid a 1923 a matsayin mai miƙa furoton ga wani. Bincike ya nuna furoton yakan kewaye kansa da ƙwayoyin ruwa fiye da ɗaya, a samu H₅O₂⁺ ko H₉O₄⁺, amma wannan bai taɓa lissafinka ba.

pH zai iya sauka ƙasa da sifili?

Zai iya. Daga 0 zuwa 14 shi ne inda yawancin ruwaye suke faɗawa, ba katanga ba ce. pH 0 yana nufin 10⁰, wato mol 1 a lita. Idan yawan ya wuce haka, pH zai ɗauki alamar ragi. Ga pH −0.30, ragi biyu sun haɗu sun zama tarawa: 10^(0.30), wato 2.0 mol a lita. A wata tsohuwar mahaƙar ma'adinai da ke Iron Mountain a jihar Kalifoniya ta Amurka, masu bincike sun auna ruwan da pH ɗinsa ya kai −3.6. Sai dai a irin wannan kaurin, lambar da ƙa'idar za ta bayar ba ta nufin mol a lita kai tsaye. Dalilin yana cikin amsar tambaya ta ƙarshe.

Malaminmu ya ce HCl mai 10⁻⁸ ba ya ba da pH 8. Me ya sa?

Malaminku ya yi gaskiya. Ba yadda za a yi a zuba asid a tsarkakakken ruwa ya koma alkali. Abin da ya faru shi ne asid ɗin ya yi ƙaranci har haidironiyam ɗin da ruwa yake samarwa da kansa, wajen 10⁻⁷, ya fi shi yawa sau goma. Dole a lissafa da shi. Idan aka kira jimillar x, to x = 10⁻⁸ + 10⁻¹⁴/x. Warware wannan yana ba da 1.05 × 10⁻⁷, pH 6.98.

Wannan tarko yana kama mai tafiya daga yawan asid zuwa pH ne. Mai tafiya daga pH zuwa haidironiyam ba ruwansa da shi, domin pH ya riga ya ƙunshi duk haidironiyam ɗin da ke ciki, ko daga asid ya fito ko daga ruwa.

Wa ya ƙirƙiro wannan ma'auni?

Soren Sorensen, masanin sinadarai ɗan ƙasar Denmak, a 1909, lokacin yana shugabantar sashen sinadarai na ɗakin binciken Carlsberg a Kopanhagen. Yana nazarin furotin da inzayim ne, ya ga aikinsu yana sauyawa da ɗan sauyin tsami, sai ya nemi hanyar rubuta ƙananan lambobin nan a taƙaice. Na'urar awo ta lantarki da ta yaɗu a kasuwa kuwa Arnold Beckman ne ya ƙera ta a 1934 a Kalifoniya, kuma masu sana'ar lemon tsami ne suka fara buƙatarta.

Takardar gwaji ta ishe ni in yi wannan lissafin, ko sai na'ura?

Amsar da za ka samu ba za ta fi awon da ka fara da shi inganci ba. Jan litmos da shuɗi ba sa ba da lamba ko kaɗan, ɓangare kawai suke nunawa. Zoɓo ma yana yin wannan aikin: ka zuba shi a kofin gilashi biyu, ka matsa lemon tsami a ɗaya, za ka ga jan ya ƙara haske, ka ɗiga ruwan kanwa a ɗayan, za ka ga ya yi duhu ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Kyakkyawan gwaji ne ga makarantar da ba ta da kayan aiki, amma ba za a ciro lissafi daga gare shi ba. Takarda mai launuka da yawa tana ba da lamba, sai dai ido yakan kauce da rabin taki, rabin taki kuwa ninki uku ne da ɗoriya a yawan haidironiyam. Da ita, iyakar abin da za ka iya faɗa shi ne amsar tana wajen 10⁻⁵ ko 10⁻⁶.

Na'ura mai bakin gilashi tana iya kaiwa lamba biyu bayan ɗigo, amma sai an kula da ita. Kafin awo ana daidaita ta da ruwayen gwaji da aka san pH ɗinsu, galibi 4.01 da 7.00 da 10.01. Ana ɗauraye bakin da tataccen ruwa tsakanin kowane awo, a ɗan dangwala shi da takarda mai laushi ba tare da gogewa ba, a tsoma, a jira lambar ta tsaya. Ba a barin bakin ya bushe, ba a kuma ajiye shi a cikin tataccen ruwa, yana da nasa ruwan ajiya. Na'urar da ta kauce da 0.1 kacal za ta sa amsarka ta kauce da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Na auna HCl mai 0.10 da na'ura mai kyau, ta nuna 1.1 maimakon 1.0. Na'urar ce ta lalace?

Wataƙila lafiyarta lau. Abin da na'ura take ji shi ne ƙarfin tasirin haidironiyam, ba ƙidayar ƙwayoyinsa ba, kuma ainihin ma'anar pH a wurin masana a kan wannan tasirin aka gina ta. Idan ruwa ya yi kauri da ƙwayoyi masu caji, suna jan juna suna tare wa juna hanya, sai kowace ta yi aiki ƙasa da yadda za ta yi da ita kaɗai ce. A HCl mai 0.10, tasirin yana wajen kashi 80 cikin ɗari na yawan, shi ya sa 10^(−1.10) yake ba da 0.079 maimakon 0.10.

A ruwa mai sirki sosai, kamar 0.001 zuwa ƙasa kuma babu gishiri mai yawa a ciki, bambancin 'yan kaso kaɗan ne, kuma 10^(−pH) yana ba da yawan da za a dogara da shi. Duk tambayoyin sakandare da yawancin na shekarar farko a jami'a a kan wannan zaton aka gina su. Mai aiki da ruwan teku, ko jini, ko asid mai kauri na masana'anta kuwa, sai ya raba amsar da ma'aunin tasiri na wannan ruwan kafin ya kira ta mol a lita. A misalin HCl ɗin nan, 0.079 a raba da 0.80 ya dawo da kai kusan 0.10.